Me zan fara koya wa 'yan shekarar farko kan gina shafin yanar gizo?

An ba ni ajin farko a kwalejin kimiyya da fasaha, ɗalibai 60, kwamfuta 20. Malamai, ta ina zan faro?

Malam, fara da HTML (harshen tsara ƙashin shafi) zalla a Notepad (manhajar rubutu ta Windows), sati huɗu. Kada ka taɓa JavaScript (harshen sa shafi ya yi aiki da motsi) sai sun gane CSS (harshen ƙawata shafi) sosai. Raba su uku-uku kan kowace kwamfuta, su riƙa karɓa-karɓa.

Abin da ya fi kayar da su sunan fayil ne. A Windows hoto.JPG da hoto.jpg ɗaya ne, amma idan aka ɗora a GitHub Pages (dandalin ɗora shafi a intanet) daban suke, hoton ba zai fito ba in sunan da ke cikin HTML bai dace da na fayil ɗin ba. Tilasta musu ƙananan haruffa, babu tazara.

Kuma saboda matsalar wuta, kowa ya riƙa ajiye aikinsa a filashi kafin a ɗauke.