Man kaɗanya ko Sudocrem? Gindin 'yata ya saɓe

Maman Husna:
Salam 'yan uwa, dan Allah a taimaka min da shawara. 'Yata ce ta yi zawo, yanzu duk inda famfas ke kwanciya ya yi jawur har fatar ta fara saɓewa, ko ruwa ya taɓa wajen sai ta ƙanƙame jiki tana tsala kuka, wlh tausayi take ba ni. Surukata ta ce man kaɗanya ko man kwakwa kawai zan shafa, ƙanwata kuma ta ce in sayi Sudocrem. Wanne ya fi?

Ummu Abdul:
Ayya sannu, Allah ya ba ta lafiya. Man kaɗanya da na kwakwa suna sa laushin fata kam, in abin bai yi nisa ba suna taimakawa, amma jiki na saurin shanye su, fitsari na zuwa sai ya tarar da fatar a buɗe. Su kuma irin su Sudocrem da Desitin zinc oxide ne a ciki, zama yake a saman fata ya tare fitsari da kashi, kuma kashin zawo shi ya fi cin fata. Tunda ta saɓe ni dai na kantin zan ce. Ki lafta da kauri, in kin zo canza mata kar ki dirje sai ya fita duka, goge wanda kashi ya ɓata ki ƙara wani a kai.

Maman 'yan biyu:
Ko wanne kika shafa in tana daɗewa cikin jiƙaƙƙen famfas aikin banza ne. Ki ajiye wayif tukuna, ruwan ɗumi da auduga, ki dangwale a hankali ya bushe, ki shimfiɗa mata zani ki barta tsirara ta sha iska. Banda hoda, ƙurarta na shiga huhun jariri.

Anti Nas:
Ƙanwata duba matsematsin cinyoyinta da kyau. In jan ya shiga har cikin ninkin fatar, ga ƙananan ƙuraje a warwatse gefe, to yawanci candida ce, wato ƙwayar cutar fungus mai kama fata, musamman in ta sha antibayotik, wannan ba man kaɗanya ba Sudocrem, sai maganin shafawa irin su clotrimazole ko nystatin, likita zai rubuta. Kuma dan Allah kar a ba ki mayukan nan masu steroid mai ƙarfi ki shafa mata, suna sirantar da fatar jariri. In kwana 3 ba sauƙi, ko zazzaɓi, ko ƙurajen na ruwa, ku tafi asibiti.

Maman Husna:
Ngd sosai. Anti na duba, ninkin lafiya lau, saman ɗuwawun ne kawai. Da daddare ma sai na tashe ta na canza ko in bari sai ta farka?