Ina za a sami horo da tallafi kan aikin jarida don kare haƙƙin jama'a?

Ƙanwarku ta Tibiri: Assalamu alaikum ƴan zaure, ina wuninku. Ina shekara ta 2 a lisansi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, fannin aikin gona. Ba jarida nake karantawa ba, amma tun ina lise nake ɗaukar muryar tsofaffin unguwarmu da salula. Maganar ruwan garinmu ce ta sa ni a wannan hanya. Duk wanda ya tashi a Tibiri ya san waɗanda ruwan famfo ya ɓata wa haƙora, ya lanƙwasa wa ƙafafu suna ƙanana, saboda sinadarin fulor da ya yi yawa a rijiyar burtsatsen da aka haƙa cikin shekarun 1980. Yayata tana cikinsu. Har yau in dariya ta kama ta sai ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Ina son in haɗa labarinsu da bakinsu, a ji shi. Ko akwai wani shiri da ke ɗaukar ɗalibi tun bai gama jami'a ba, ya koya masa aikin, in da hali ya tallafa masa da ɗan kuɗi? Don Allah a ba ni shawara.

Malam na unguwar Zariya: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya yi miki albarka, ya ba yayarki lafiya. Ni ra'ayina, in da gaske kike, ki nemi makarantar aikin. Akwai IFTIC ta Yamai, wadda yanzu ake kira ESSCOM. Akwai CESTI a Jami'ar Sheikh Anta Diop ta Dakar, tun 1965 take fitar da ƴan jarida, da kwankur, wato jarrabawar zaɓe, ake shiga. Ga kuma Jami'ar Bayero ta Kano nan kusa da mu, in kin bi ta Ɗan Isa da Jibiya kafin rana ta faɗi kin isa, suna da tsangaya guda ta sadarwa da gidan rediyonsu. Sai dai can da Ingilishi ake karatu.

Tanti ta Yamai: Malam, ka yi mini aikin gafara, kada mu sa yarinya ta ajiye karatun gona a shekara ta 2. Wanda ya san ƙasa da ruwa da taki, in ya iya magana a rediyo, ya fi ɗan jarida goma amfani a Maraɗi. Ƙanwata, abin da ya fi dacewa da tambayarki shi ne Millennium Fellowship. Na ɗaliban da ba su gama digirin farko ba ne, wata ƙungiya ce ke gudanar da shi tare da sashen Majalisar Ɗinkin Duniya mai hulɗa da jami'o'i. Ba ki biyan ko dala, ba ki kuma barin jami'arki. Daga Agusta zuwa Nuwamba ake yi, kowa da aikin da ya ɗauko wanda ya shafi muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ruwa mai tsabta shi ne na 6. Amma ki sani tun yanzu: ba albashi a ciki, da Ingilishi ake cika takardu, kuma sai an sami aƙalla ɗalibai 8 daga jami'a ɗaya kafin a buɗe muku rukuni. Wato ba abin da za ki nema ke kaɗai ba ne.

Ɗan Madarunfa: Tanti, in ba kuɗi, mene ne ribarsa? Mu da bursun ANAB, hukumar tallafin ɗalibai, ma muke jira kamar ruwan farko.

Tanti ta Yamai: Ribarsa ita ce ka fito da aiki a hannu da takardar shaida. Duk shirin da ke ba da kuɗi, abin da zai fara tambayarka ke nan: me ka taɓa yi?

Ɗan Dakwaro: Kafin a yi nisa bari in ja kunne, don ni an taɓa cuta ta. Bara wani ya saka sanarwa a WhatsApp, wai gurbin horon ƴan jarida a Kanada, da tambari da komai. Aka ce kuɗin buɗe dosiye jikka 25. Tunkiyar innata aka sayar na tura. Bayan kwana 3 lambar ta mutu. Innata ba ta ce mini komai ba, kuma wannan shirun ya fi mini ciwo bisa faɗa. Duk wanda ya ce ku biya kafin a duba takardunku, ku bar shi. Ku shiga shafin masu shirin da kanku, kada ku bi mahaɗin da aka turo.

Malam na unguwar Zariya: Allah ya mayar maka da alheri, ɗana. Ka yi sadaka da wannan gargaɗi.

Ƴar Tasawa: Na Amurka fa? Na ji ana maganar Global UGRAD.

Tanti ta Yamai: Shi a da zango ɗaya ne na karatu a wata jami'ar Amurka, a biya maka komai, ka dawo ka ƙarasa a gida. Sai Ingilishinka ya yi ƙarfi, kuma biza ta yi wuya ƙwarai ga ƴan Nijar, don haka kada kowa ya rataya zuciyarsa a nan. Shirin Mandela Washington kuwa don ƴan shekara 25 zuwa 35 aka yi shi, ku ajiye maganarsa. Masu ƙanne a tarminal su riƙe sunan Mastercard Foundation, da ke ɗaukar nauyin karatu gaba ɗaya a jami'o'i irin Ashesi ta Gana da Abomey-Calavi ta Benin, amma wannan bursun karatu ne, ba horon jarida ba.

Yayanku na rediyo: Na karanta duka, yanzu na fito daga aiki. Ƙanwata, ni shekarata 11 a bakin makirfo a garin nan, kuma abin da zan ce miki bai da suna mai daɗi kamar na Amurka. Ki ɗauki takardar neman istaji, wato koyon aiki, ki kai gidan rediyo. Ga Anfani, ga Saraounia, ga gidajen rediyon karkara cike da jihar. Ki saurari Studio Kalangou, wadda ta fara aiki a Yamai a 2016, tana watsa shiri da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Faransanci, ki lura da yadda suke gina rahoton minti 2. Mutanen da kike son a ji kukansu, da waɗanda kike son su ji, rediyo suke saurare a gona da bakin kasuwa, da Hausa. Tunda gona kike karantawa, ki duba Farm Radio International, suna da rubutattun shirye-shiryen noma kyauta, har da na Hausa. Kayan aiki kuwa salularki ta isa. Ki sa ta a yanayin jirgi don kada kira ya yanke miki hira. Lokacin hunturu ki sanya mata safa a baki, iska ba za ta ci muryar ba. Ki nisanci injin niƙa da zakara. Ki koyi Audacity, manhajar gyaran murya, kyauta ne, da shi za ki yanka ki haɗa.

Ƙanwarku ta Tibiri: Na gode Yaya. Ina da hira 9 da na riga na ɗauka, sai dai ban san ko zan iya saka su a Facebook ba.

Yayanku na rediyo: Tsaya nan, wannan ita ce babbar maganar. Bari in ba ki labarin abin da har yau yake hana ni barci. Ina sabon shiga, na yi hira da wata yarinya da ta gudo daga auren dole, tana ɓoye gidan gwaggonta. Ban faɗi sunanta ba, na ɗauka na rufa mata asiri. Amma na bar muryarta yadda take, na kuma ambaci ƙauyensu. Shirin ya fita da hantsi, kafin la'asar baffanta ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar gidan. Ina tsaye aka fito da ita, ƙullin kayanta a ka, takalminta ɗaya a hannu don ya tsinke. Ba ta ko dube ni ba. Ni aka yaba mini a wurin aiki, ita ta biya. Tun daga ranar ba na sakin muryar mai rauni sai na zauna na gaya masa su wa za su ji, na ɗauki amincewarsa a cikin faifan, kuma in akwai haɗari sai abokiyar aikina ta karanta maganar da nata bakin. Ki koma wurin mutum 9 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, har da yayarki. Ki kunna musu su ji kansu. Wanda ya ce a cire, ki cire, ko da shi ne mafi daɗin hirar.

Malam na unguwar Zariya: Subhanallah. Amana ce ke nan. In ƙara da ta doka: tun watan Yuni na 2024 an maido da hukuncin ɗauri a dokar laifukan intanet ta 2019 kan ɓata suna da zagi. Kada ki ɗora wa kowa laifi da suna ba tare da takarda a hannu ba, kuma ki nemi jin ta bakin wanda ake zargi.

Ƴar Tasawa: Ga masu son binciken gaskiyar labari, Africa Check tana da gasar shekara-shekara mai rukunin ɗalibai, ana shiga da Faransanci, amma na ƴan makarantar jarida ne. Ƙungiyar CENOZO ta Wagadugu kuma, mai sunan ɗan jarida Norbert Zongo da aka kashe a 1998, tana horar da masu binciken ƙwaƙwaf. Ina bin shafinsu don koyo kawai.

Tanti ta Yamai: In dawo kan dosiye, don na karanta wasiƙun nema da yawa a wurin aikina. Kusan duk ɗan Maraɗi da wannan yake buɗewa: kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kashi 89. Gaskiya ne, amma mai karatu ya gan shi sau ɗari. Wani kuma sai ya rubuta cewa zai yi aiki kan ƴan gudun hijirar Zamfara da Sakkwato da suka shigo Gidan Runji tun 2019, alhali bai taɓa taka Garin Kaka ko Cadakori, inda aka tsugunar da su, ba, kuma a layi na biyu ake gane shi. Ke kin fi su, don naki a cikin gidanku yake. Ki fara da mayafin yayarki, in ta yarda. Sannan ki faɗi mutum nawa za ki yi hira da su, wace rediyo za ta watsa, da abin da kike son ya canja, ko da awon ruwan rijiyoyin ƙauyuka ne a gaya wa mutane sakamako da Hausa. Ki tanadi takardar maki, da wasiƙar malami wanda ya san ki da gaske, da fasfo tun ba a buƙace shi ba. Kada ki jira daren ƙarshe, kin san halin wuta da intanet.

Ɗan Madarunfa: To na sauka daga maganata ta ɗazu. Ni ina fannin lafiya, zan iya bayanin abin da fulor ke yi wa ƙashi. Ki sa ni cikin mutum 8 ɗin.

Ɗan Dakwaro: Ni ma. Ina da kwamfuta, ni zan riƙa yankan murya.

Malam na unguwar Zariya: Ingilishin kuma ku bar mini. Duk Asabar bayan la'asar ku zo zaurena da abin da kuka rubuta mu gyara. Amma ɗiyata, maganar Kano da Dakar tana nan bayan lisansi, ban janye ba.

Ƙanwarku ta Tibiri: Na ji Malam, Allah ya saka da alheri. Mun zama 3, saura 5, zan yi magana da ƴan ajinmu ranar Litinin. Gobe Jumma'a zan tafi gida in kunna wa yayata tata hirar tukuna. Yaya, takardar neman istajin da hannu ake rubuta ta ko sai an buga?

Yayanku na rediyo: Ki buga, kwafi 2, ki haɗa da katin ɗaliba. Ki zo da safe kafin ƙarfe 9, lokacin ana taron raba aiki, zan shigar da ke.