Hotunana suna gudu zuwa ƙarshen babi a LaTeX, a taimaka min

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta kundin digirina na biyu a nan Jos, kan zaizayar ƙasa a tsofaffin ramukan kuza, kuma da LaTeX, manhajar tsara rubutu da ke zaɓar wa hotuna wurin zama da kanta, nake aikin, ta shafin intanet na Overleaf. Babi na huɗu ya hana ni sakat.

Akwai wata doguwar taswira da ta cinye kusan kashi 80 na shafi. Na sa mata harafin h don ta zauna inda na ambace ta, ta ƙi, ta tafi can ƙarshen babin, ta ja duk hotunan da ke bayanta, tunda LaTeX ba ya barin hoto na 5 ya riga na 4 fitowa. Na fahimci a tsarinsa na asali hoton saman shafi ba ya wuce kashi 70, kuma sai an bar wa rubutu kashi 20. To topfraction, wato wannan iyakar ta kashi 70, zan ɗaga, ko in ƙara harafin p ta samu shafinta ita kaɗai?

Na gwada babban H na kunshin float (ƙarin umarnai ne da ake loda wa LaTeX), wanda ke tilasta hoto ya tsaya daidai inda aka sa shi. Ta tsaya, amma ta bar rabin shafi fari fat, malamina kuwa ya zagaye wurin da jan biro.

Sai kuma jadawalin ruwan sama mai shafi biyu da na yi da longtable, kunshin yin jadawalin da ya wuce shafi ɗaya. Shi ba ya shawagi, wato LaTeX ba ya matsar da shi gaba kamar sauran jadawalai da hotuna, don haka ya sha gaban wani jadawali, lambobinsu suka harɗe. Idan na sa FloatBarrier na kunshin placeins gabansa, wato umarnin da ke hana hotuna da jadawalan baya tsallake wurin, zai gyara ba tare da wani giɓin ba? Don Allah wanda ya sani ya nuna min, ranar Litinin zan miƙa babin.