Wai kowane gida ake kallon Samanja?

Baban Khalifa:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau dai sai na amayar da abin da ke cina. Jiya bayan isha'i na ci karo da wani guntun tsohon wasan talabijin na Samanja Mazan Fama a waya, na kira yara na ce ku zo ku ga abin da muka taso da shi. Ba a je ko'ina ba babban ya ce hoton dishi-dishi yake, ƙaramar ta ce wai me ya sa mutumin yake ta daka wa mutane tsawa. Suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kowa ya koma ɗaki ya duƙufa kan wayarsa. Wallahi raina ya ɓaci. A zamaninmu kowane gida idan lokacin Samanja ya yi, uba da uwa da 'ya'ya har da kaka tabarma ɗaya ake hawa. A yi dariya, a ɗauki darasi, kuma babu abin da za a nuna da zai sa uba ya sunkuyar da kai a gaban 'yarsa. Allah ya jiƙan Usman Baba Pategi, wanda ya fito a matsayin Samanja. Ni dai na ce tun da irin waɗannan wasanni suka ɓace, zaman iyali ya mutu a Arewa. Wanda ya musa ya kawo hujja.

Maman Hanan:
Amin ya Allah. Ka tuna min da Bariki, matarsa a wasan, yadda duk zafin Samanja a fagen fareti idan ya shigo gida sai an yi ta ja-in-ja.

Na Ƙauye:
Yaya, kowane gida ka ce? Kowane? Gidan wa? A garinmu har na gama firamare ko turken wutar lantarki ba a kafa ba. Mu a rediyon Kaduna muka san muryar Samanja, fuskarsa kuwa sai da na shigo birni karatu. Ka ce gidanku, kada ka ce kowane gida.

Baban Khalifa:
Haba ƙanena, ai ka gane abin da nake nufi. Maganata a kan zaman iyali ce.

Na Ƙauye:
Na gane sarai. Kuna nufin ku 'ya'yan ma'aikata ku ne kowa, mu kuma ba a lissafi da mu.

Na Tudun Wada:
Shi ma Baban Khalifa ya ɗan zuzuta, amma Na Ƙauye kai ma ka cika ƙorafi. A layinmu a Tudun Wadar Kaduna gida ɗaya ne mai talabijin, irin mai ƙyaure na katako da ake zugewa, hoto baƙi da fari. Amma ka ga duk yaran layin can muke tarewa. Maigidan yakan fito da ita tsakar gida, manya a kan benci, mu a ƙasa, wasu a kan katanga. Sharaɗinsa ɗaya, sai ka wanke ƙafa kuma kada ka zo da gyaɗa. To ka ga ko ba kowane gida ke da akwatin ba, kowane gida yana da wakili a wurin.

Maman Hanan:
Wakili namiji dai. Ku faɗi gaskiya. Wace yarinya ce za a bari ta tsallaka gidan maƙwabta bayan magariba ta zauna cikin samari? Ni na yi sa'a akwai a gidanmu, amma ƙawayena a makaranta nake ba su labari washegari, ni ce talabijin ɗinsu. Iyayenmu mata kuwa lokacin suna fama da tuwon dare. Wannan tabarma ɗaya da Baban Khalifa yake faɗa, ni dai ban ga uwa a kanta ba, tana bakin murhu.

Baban Khalifa:
Hajiya, ɗazu fa ke ce kika ce amin.

Maman Hanan:
Amin ɗin ta mamaci ce, ba ta lissafinka ba.

Hedimasta Mai Ritaya:
Bari in ɗan sa baki, don na girme ku duka. Talabijin ta fara a Kaduna a 1962, zamanin Sardauna, ƙarƙashin gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar wuri ɗaya aka sami NTA. A wancan lokaci tasha ba ta kwana tana aiki. Sai da yamma ake buɗewa, a yi shirin yara, a yi wasa, a yi labaran ƙasa ƙarfe tara, kafin tsakar dare a sa taken ƙasa a rufe. Kuma ƙarfinta bai wuce garin da take da kewayensa ba. Wanda yake nesa sai ya ɗaura eriya a kan doguwar gora, yaro yana waje yana juyawa, na ciki suna cewa ya yi, bai yi ba. Inda babu wuta da batirin mota ake kunnawa. Saboda haka maganar kowane gida ba ta taso ba. Amma abin da ya sa mutane suke taruwa shi ne tasha ɗaya ce, akwati ɗaya ne, lokaci ɗaya ne. In ka rasa ka rasa ke nan.

Na Ƙauye:
Allah ya ƙara girma, Baba. Magana ta ƙare.

Na Tudun Wada:
Ba ta ƙare ba, ai ƙarshen maganarsa ni ya goya wa baya.

Ɗan Fagge:
Ku tsaya, wai ma wa ya ce Samanja ake kallo ko'ina? Mu a Kano da muka sami CTV 67 wa yake ta wata tasha? Rimi ya kafa mana tamu, ita ce yau ake kira ARTV. Bakan Gizo kaɗai ya ishe mu. Ga Kuliya Manta Sabo, shi ma a Kano ake yin sa. Idan ana maganar wasan da ya shafi gida da aure da rikicin dangi, nan za a zo. Samanja ai wasan barikin soja ne, ina ruwansa da iyali?

Na Tudun Wada:
To Bakano ya iso. Malam, lokacin da Kaduna take watsa hoto, Kano ko eriya ba ta ɗaura ba. Shekara nawa tsakanin 1962 da mulkin Rimi? Ka lissafa da kanka. Kuma soja ba shi da iyali ne? Rabin wasan ai a gidansa yake ƙarewa. In ma ka ƙi Samanja, ina za ka kai wasan Karambana na Kasimu Yero? Kasimu Yero fa, Allah ya jiƙansa, mutumin da ya yi wasa da Hausa ya yi da Turanci, duk Najeriya ta san shi.

Ɗan Fagge:
Kasimu Yero Bazazzagi ne, mun yafe muku shi, dama bayinmu ne.

Na Tudun Wada:
Ji mai kayan koli yana kiran wani bawa.

Tsohon Ɗan Santsi:
Ɗan Fagge ka faɗi gaskiya amma ba ka ƙarasa ba. Me ya sa Rimi ya kafa CTV? Saboda tashar tarayya tana hannun gwamnatin NPN, mu kuma Kano PRP ce ke mulki. Dole talaka ya sami inda zai ji muryarsa. Kuma da kuke ta faɗa kan wa yake da akwati wa ba shi da shi, ai don haka aka yi gidajen kallo a garuruwa, a sa talabijin a fili kowa ya zo. Wannan aikin masu kishin talaka ne.

Alhaji Na Shagari:
Kullum sai kun jawo siyasa. To in haka ne, Cock Crow at Dawn da aka fara a 1980 zamanin wa aka yi shi? Zamanin Shagari, lokacin shirin bunƙasa noma. Wasan iyali ne tsantsa, mutum ya kwashe iyalinsa daga birni ya koma gona. A ciki Kasimu Yero ya fito a Gaga. Ku kun iya kafa tasha don zagin abokan hamayya, mu muka iya shirin da ya koya wa mutane noma.

Tsohon Ɗan Santsi:
Noman da ya ƙare a shigo da shinkafa daga waje? Alhaji, a bar tone-tone.

Alhaji Na Shagari:
Ku da kuka rabu gida biyu, Santsi da Taɓo, kuka bar Malam Aminu, ku ne za ku yi wa wani gori?

Shugaban Zaure:
Jama'a, dokar zaure ta hana siyasa. A koma kan batu.

Baban Khalifa:
Yauwa, na gode. Batun shi ne yaran yanzu ba sa zama da iyayensu.

Ɗan Gangare:
Kafin a koma, a gyara tarihi. Wasan da Alhaji ya ambata a wajen Jos aka ɗauke shi. Kuma Jos ce ta fara watsa hoto mai kala a ƙasar nan, Kano da Kaduna suna nan da baƙi da fari. Sannan duk surutun nan babu wanda ya ambaci Karkuzu, ɗan wasanmu na Jos. An yi mana adalci ke nan?

Ɗan Fagge:
Kala a tasha, baƙi da fari a gida. Mutum nawa ne suke da akwati mai kala a Gangare a lokacin?

Na Ƙauye:
Kun ga ni? Duk inda aka zaga dai maganata ake dawowa. Ba kowane gida ba.

Bakatsine:
Ni abin da yake ba ni dariya, Kano da Kaduna suna ta kokawa a kan Banufe. Samanja mutumin Pategi ne fa, can jihar Kwara. Bawanmu ne ya zo ya yi muku Hausar bariki kuka ɗauka abin a zo a gani ne.

Ɗan Bida:
Bakatsine, ka wanke baki kafin ka ambaci ubangidanka. Ɗan gidan sarautar Pategi ne, kuma sojan gaske ne, ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Abin da ya gani a bariki shi ya kawo muku. Waccan gurɓatacciyar Hausa da ake cakuɗawa da Turancin bariki da gangan yake yin ta, haka sojoji suke magana, Bayarabe da Tibi da Bahaushe duk a harshe ɗaya. Ku Katsinawa me kuka kawo?

Bakatsine:
Mun kawo masu kallo.

Badamagare:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ku kuna ta kowane gida, kowane gida, kamar Hausa ta tsaya a Jibiya. Mu nan Damagaram Tele Sahel muke kallo, muna da su Yazi Dogo, kuma in an sa wasansu gari yakan yi tsit. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a nemo batir. Rediyon Kaduna dai muna kamawa tangaran, ta nan muka san naku. Amma ku wa ya san namu?

Ɗan Fagge:
Wa zai kalli wasan Damagarawa? Ku zo Kantin Kwari ku yi sari ku koma.

Badamagare:
Bakano ke nan, ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya tambayi farashi.

'Yar Auta:
Iyayena ku yi haƙuri in ce wani abu, ni ban ga zamanin ba. Amma kullum ana cewa mu ne muka lalace. Ni da Mama da ƙannena muna zama mu kalli Daɗin Kowa a Arewa24, har Kaka takan leƙo ta yi ta yi wa 'yan wasan faɗa. Wanda ba ya zama shi ne Baba, yana majalisa sai sha ɗaya. To wa ya kashe zaman iyalin? Kuma Kawu Baban Khalifa, da girmamawa, kai ma a waya ka ga Samanjan nan.

Maman Hanan:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Ki ƙara faɗa da ƙarfi, na majalisa su ji.

Baban Khalifa:
Ni ba na zaman majalisa. A tambayi kowa.

Na Ƙauye:
Ka ga, ka sake cewa kowa.

Na Tudun Wada:
Wallahi Na Ƙauye sai ka sa wa mutum hawan jini.

Hedimasta Mai Ritaya:
Yarinyar nan ta fi ku kama bakin zaren. Pategi ya rasu a Kaduna a Nuwamban 2023, Kasimu Yero tun 2017. Nawa ne cikinku suka neme su da suna raye?

Alhaji Na Shagari:
Wannan aikin gwamnati ne, Malam.

Tsohon Ɗan Santsi:
Wace gwamnatin? Faɗi sunanta mu ji.

Shugaban Zaure:
To ya isa haka, zan rufe. Ga abin da aka cimma. Na ɗaya, an yarda cewa ba kowane gida ne yake da talabijin ba, sai dai a manyan birane irin Kano. Na biyu, an yarda cewa Samanja gwani ne, Allah ya gafarta masa, amma wasansa na bariki ne, wasan iyali na haƙiƙa a CTV aka yi shi, kamar yadda Ɗan Fagge ya kawo hujjoji masu ƙarfi ba a iya ture su ba. Na uku, Kaduna da Jos da Damagaram su ma sun taɓuka gwargwadon hali. Maganar majalisa kuma ba ta cikin batu, an cire ta. Na gode wa kowa.

Na Tudun Wada:
Wa ya yarda? Wace hujja Ɗan Fagge ya kawo ban da sunan wasa biyu? Shugaba, a wace unguwa aka haife ka?

Shugaban Zaure:
Wannan ba ya cikin batu.

Ɗan Gangare:
Ɗan Yakasai ne, ni na san shi.

Maman Hanan:
Kuma a dawo da maganar majalisa, ba mu yarda a cire ta ba. Gobe ni zan buɗe ta da kaina, kowa ya zo da lokacin da yake shiga gida.