Kalma ɗaya ta cinye mana guruf jiya da dare

Ɗan Sabon Gari: Wlh na gaji, duk wanda ya ce "ina hujja" a gidan nan sai a ce ɗan boko aƙida ne. Ku duba Bertrand Russell na Ingila, an haife shi 1872, maraya ne kakarsa ta rene shi. Yana ɗan shekara 11 yayansa Frank ya fara koya masa lissafin Yuklid, masanin nan na tsohuwar Girka, sai ya ce masa akwai ƙa'idojin farko da dole a yarda da su ba tare da hujja ba, yaron ya ce saboda me, yayan ya ce in ba ka yarda ba mun tashi daga karatun. Ya yarda don dole amma abin ya tsaya masa a rai, shi ya bi har jami'ar Kambrij a 1890, har shi da malaminsa Whitehead suka cika ɗaruruwan shafuka kafin su iso kan cewa 1+1=2. Son lissafi na yarinta ne ya ja shi a hankali har ya waye ya daina karɓar magana ba dalili.

Mai Kemis: "Ya waye". To mu da muke karɓar magana daga malamanmu muna duhun kai kenan ko?

Ɗan Sabon Gari: Haba Alhaji ni yaushe na ce haka

Mai Kemis: Ka faɗa mana. In wani ya waye ai dole akwai wanda bai waye ba, ka fito fili kawai.

Anti Malama: Ni dai wayewar da ta ƙare mutum ya ce ba shi da tabbacin akwai Allah, a kai kasuwa. Kuma ai Russell ɗin aure huɗu ya yi, haka wayewa take?

Injiniya: Anti huɗun a jere ne ba a haɗe ba 😂 ke da kika hana Yaya ƙara ta biyu yau ke ce mai ƙirga auren mutane

Anti Malama: Kai Injiniya ka kiyaye ni, ba sa'arka ba ce ni.

Ustaz: Jama'a wannan ba sabon abu ba ne. Mu'utazilawa tun daga Basra suke ɗora hankali sama da nassi, kuma da suka samu gwamnati a hannu me suka yi? Halifa Ma'amun a 833 ya fara tilasta wa malamai su ce Alƙur'ani halitta ne, zamanin Mu'utasim aka yi wa Imam Ahmad bulala aka tsare shi, sai da Mutawakkil ya hau aka daina. Su ne wayayyun lokacin fa.

Ɗan Sabon Gari: Allah gafarta Malam shi ma Russell ɗin an ɗaure shi wata shida a 1918 don ya ƙi yaƙi, bai doki kowa ba. Kuma ni maganar yadda yaro ke tasowa nake

Mai Kemis: Ka janye "waye" tukun

Injiniya: Ai matsalar 'yan BUK kenan, su a ba su handawut su haddace, da ABU kuka yi da kun gane me yake nufi

Mai Kemis: ABU ɗin da ka shekara bakwai kana kwas ɗin shekara biyar?

Injiniya: Yajin aikin ASUU ne kowa ya sani. Kai kuma dubu uku na ta ankon bikin nan har yau shiru, wayewa ce ita ma?

Mai Kemis: Zo shago ka karɓa, ba a guruf ake bin bashi ba

Anti Malama: Admin don Allah a rufe

Admin: To ga taƙaitawa ga waɗanda suka kwanta da wuri, an turo saƙo ya fi ƙarfin karantawa. Ƙaninmu na Sabon Gari ya kawo labarin wani Bature mai lissafi ya ce mu ba mu waye ba, Ustaz ya ba shi amsa da tarihi tsaf bai iya cewa komai ba sai kame-kame. Maganar BUK kuwa ni can na gama kuma ban taɓa haddace handawut ɗin kowa ba, don haka Injiniya na cire ka na kwana biyu. Kuɗin anko ku je ku ƙarata a waje.

Ɗan Sabon Gari: Admin ka koma sama ka karanta abin da na rubuta mana

Admin: Na rufe, admin kaɗai ke iya turo saƙo sai da safe.