Akwatin kyamarar AI a zafin ranar Saudiyya: da fanka ko babu?

Injiniya Sani, Jidda: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina nan kan bakana. Duk kyamarar da ke tantance hoto da kanta, ba sai ta aika wata cibiya ta intanet ba, in a waje za a kafa ta a ƙasar nan, kada a sa mata fanka. A rufe akwatin ruf, zafi ya fita ta jikin alminiyam.

Habu, Makka: Wa alaikumus salam. Injiniya, da girmanka, ban gamsu ba. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami. Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar da ake iya sawa a irin wannan akwati, da kansa yake rage gudu in cif ɗinsa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, ya taɓa digiri 80. Ka toshe akwati a irin wannan rana, ina zafin zai bi? Fitilar na'urar na ci, kowa na ganin lafiya lau, alhali motoci na wucewa ba a karanta lambarsu.

Injiniya Sani: Habu, Makka busasshiya ce, ka zo Jidda ka gani. An kira ni wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, na buɗe akwati mai fanka. Ƙura ta haɗu da laima ta daskare a fikafikan, ko da yatsa ba sa juyawa. Gishirin teku ya ci bakin wayoyi har sun yi kore. Fankar ce ta jawo duk wannan ciki, sannan ta tsaya ba wanda ya sani.

Maryam, Jidda: Yayyena, tun wajen zaɓen cif ake yanke wannan magana. Coral, ƙaramin cif na AI na Google, wat 2 yake ci ya yi lissafi tiriliyan 4 a daƙiƙa. Jetson Orin Nano kuwa, wanda ya fi shi ƙarfin lissafi, daga wat 7 yake farawa. In an matse manhajar ta koma lissafi da lambobi masu bit 8, wato gajerun lambobi masu sauƙin aiki, ƙaramin cif ya ishi karanta lambar mota, zafinsa kuma ƙarfe kaɗai zai kwashe.

Habu: Ƙanwata, wannan kyamara ɗaya ce. Mai aiki yana so ka haɗa huɗu a akwati guda, a ƙirga mutane, a gane wanda bai sa hular kwano ba. Wat 2 ba zai yi ba. Ni fanka da filta nake sawa, in rubuta ranar canji a murfi.

Injiniya Sani: Wa zai hau falwaya a watan Yuli ya canza filtar? Ni dai ban taɓa ganin an koma ba.

Alhaji Garba, Makka: Yara, kun tsaya kan cif, alhali ba shi ke fara mutuwa ba. Kafasita, ɗan abin da ke riƙe cajin wuta a allon na'ura, irin mai ruwa a ciki, duk ƙarin digiri 10 rabin kwanansa ke tafiya. Kayan kasuwa an gina su ne su jure zuwa digiri 70, na masana'antu zuwa 85, amma na farkon ake saye don araha. Ga katin ajiya da ke lalacewa in wuta ta ɗauke ana cikin rubutu. Kuma baƙin akwati a tsakar rana, da fanka da babu, duk ɗaya ne. A yi masa farin fenti da rumfa, a bar tazara tsakani iska ta ratsa. A kunna ɗan agogon tsaron da ke tayar da na'ura in ta sandare.

Maryam: Baba Alhaji, ni ma rumfar na fi yarda da ita.

Habu: Ban ja da Baba ba, amma kan fanka ban sauka ba. Injiniya, mu haɗa akwati biyu iri ɗaya, a ɗora a saman gidana, mu riƙa rubuta zafin cif da yawan hotunan da kowanne ke tantancewa.

Injiniya Sani: Na yarda, amma a Jidda za a ɗora, kuma sai an yi guguwar ƙura kafin a buɗe.