Neman shawara: in ajiye katin Labour ko in ci gaba da zama a ciki?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A Ingila nake zaune, kuma ina riƙe da katin jam'iyyar Labour tun 2015. A gidan 'yan PRP na tashi, shi ya sa duk inda aka ce jam'iyyar talaka da ma'aikata, nan zuciyata take karkata. To yanzu gwiwata ta yi sanyi. Abu uku ke damuna: rahoton da ya kama jam'iyyar da laifi kan ƙyamar Yahudawa, yadda aka tafiyar da maganar Gaza, da kuma yawan maganar haƙƙin mata alhali shugabancin kullum a hannun maza yake. Wasu suna ce min batun Yahudawan sharri ne kawai aka ƙulla wa Jeremy Corbyn, tsohon shugaban jam'iyyar. Haka ne? Idan na zauna, me ɗan jam'iyya na ƙasa zai iya yi a zahiri? Idan na fita, me zan rasa?

Malamin Siyasa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A fara da tambayar sharri, domin nan ne mutanenmu suka fi zamewa. Ba jarida ce ta yi binciken ba. Hukumar kare daidaito da haƙƙin ɗan Adam ta Birtaniya, EHRC, ita ta buɗe shi a watan Mayun 2019, ta fitar da rahoto ranar 29 ga Oktoban 2020. Ta duba fayil 70 na ƙorafi, ta sami wuri 23 da ofishin shugaban jam'iyya ko wasu suka sa baki inda bai kamata ba. Ta ce an karya dokar daidaito ta 2010 ta fuska uku: katsalandan na siyasa cikin ƙorafi, rashin horar da masu sauraron ƙorafin yadda ya dace, da cin zarafi daga wakilan jam'iyya, ciki har da Ken Livingstone, tsohon magajin garin Landan. Luciana Berger, Bayahudiya 'yar majalisa daga Liverpool, ta bar jam'iyyar a Fabrairun 2019 bayan dogon zagi da barazana. Wannan duk ya faru.

Gefe na biyu kuma yana cikin rahoton Martin Forde, lauyan da jam'iyyar ta ɗora wa nata binciken, na Yulin 2022. Ya ce ɓangarorin nan biyu, masoya Corbyn da masu adawa da shi, kowa ya mai da batun makamin faɗan cikin gida. Ya kuma kawo koken da ake yi cewa ba a ɗaukar wariyar da ake wa baƙaƙe da Musulmi da muhimmanci iri ɗaya. Saboda haka duk wanda ya ce miki sharri ne zalla, rabin labarin ya ba ki. Wanda ya ce babu siyasa a ciki shi ma haka.

Kawun Yara:
Malam, ina da ja kaɗan. Abin da ke korar mutanenmu shi ne tsoron kada ka buɗe baki kan Falasɗinu a dakatar da kai. A Nuwamban 2023 'yan majalisar Labour 56 ne suka bijire wa umarnin jam'iyya suka zaɓi tsagaita wuta a Gaza, wasu har suka ajiye muƙamansu. A zaɓen 2024 Jonathan Ashworth, jigo a Labour, ya sha kaye a Leicester ta Kudu a hannun ɗan takara mai zaman kansa, Shockat Adam, kan wannan batu. Ashe ke nan fita ma tana da tasiri.

Malamin Siyasa:
Tana da shi, Kawu, ban musa ba. Amma tsoron nan yana raguwa idan mutum ya san inda iyakar take. Labour ta karɓi ma'anar ƙyamar Yahudawa ta IHRA, ƙawancen ƙasashe na tunawa da kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa, da misalanta 11 a Satumban 2018, kuma takardar da kanta ta ce sukar Isra'ila irin wadda ake yi wa kowace ƙasa ba ƙyama ba ce. Ana gardama kan wasu misalan har gobe, masana Yahudawa ma suna cikin masu gardamar. Sai dai a aikace abin da ke jefa mutane cikin matsala sananne ne: cewa Yahudawa ne ke juya bankuna da kafofin labarai, ɗora wa Bayahuden unguwarku alhakin abin da gwamnatin Netanyahu ta yi, musanta kisan ƙare dangi na zamanin Hitler ko raina shi, da kwatanta Isra'ila da 'yan Nazi. A Hausa ma muna da namu tarkon. Mutum zai ce "Yahudawa sun kai hari" alhali sojojin Isra'ila yake nufi. Ki kira gwamnati da sunanta, minista da sunansa, mataki da ranarsa. Mu da muke jin zafi idan aka ɗora wa kowane Musulmi laifin mutum ɗaya, mu ya fi kamata mu kiyaye wannan.

Anti Lauya:
Ƙanwata, ga ɓangaren ƙorafi, ko kan ƙyamar Yahudawa ne, ko ƙyamar Musulmi, ko cin zarafin mace. Tun bayan babban taron jam'iyya na 2021 an kawo kwamitoci masu zaman kansu da ke duba hukuncin da ya shafi addini, jinsi, launin fata da makamantansu. Yawancin ƙorafin da ke mutuwa, rashin shaida ne ke kashe su.

Ki ɗauki hoton allo da ke nuna sunan mai rubutun, kwanan wata da adireshin shafin, tun kafin a goge. Idan a taro aka faɗa, ki rubuta kalmomin yadda aka faɗe su a ranar, da sunayen waɗanda suka ji. Ki aika ta fom ɗin ƙorafi na uwar jam'iyya a intanet, kada ki tsaya kan shugaban reshe, domin sau da yawa shi da wanda ake ƙara abokan tafiya ne. Cin zarafi ta hanyar lalata yana da tasa hanyar dabam. Ƙorafi ɗaya, magana ɗaya. Idan kika haɗa laifi biyar da tarihin gaba, mai bincike zai ɗauke shi rikicin ɓangaranci. Kada kuma ki baza maganar a Facebook ko zauren WhatsApp kafin a gama, domin karya sirrin bincike kan iya juyowa kanki.

Abin da mutane ke mantawa: jam'iyya ƙungiya ce a idon dokar 2010, ana iya kai ta kotun lardi, amma wa'adin wata shida ne daga ranar da abin ya faru. Jiran amsar jam'iyya ba ya tsayar da wannan lissafi da kansa. Kina kuma da ikon neman duk bayanan da suka ajiye a kanki, kuma a ƙa'ida wata ɗaya suke da shi su amsa. Barazana kuwa ba ta jam'iyya ba ce, ta 'yan sanda ce: 101, ko 999 idan akwai haɗari a lokacin.

Yaya Babba:
Maganar mata nake so in taɓa, domin gaskiyarki ce, amma da sauran bayani. Daga kafa jam'iyyar a 1900 har zuwa zaɓen Keir Starmer a 2020 ba a zaɓi mace shugaba ba. Margaret Beckett a 1994 da Harriet Harman a 2010 da 2015 riƙon ƙwarya kawai suka yi. A majalisa kuwa labarin ya bambanta. Tsarin ware wasu mazaɓu ga mata zalla, wanda aka amince da shi a 1993, shi ya taimaka aka sami matan Labour 101 a majalisa a 1997. Kotu ta taka masa birki a 1996, aka yi doka a 2002 aka halatta shi. Bayan zaɓen 2019 mata sun kai 104 cikin 'yan majalisar Labour 202, kuma wannan rinjayen ne ya sa aka daina amfani da tsarin wajen tsayar da 'yan majalisa.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙasa, wajen tsayar da kansiloli. A Fabrairun 2016 ƙungiyar Muslim Women's Network UK ta rubuta wa Corbyn cewa wasu maza Musulmi a rassan jam'iyya suna toshe wa mata Musulmi hanyar takara, ta hanyar ɓata suna da matsa wa dangi. Wannan namu ne, ba na Turawa ba, kuma ya kamata mu faɗe shi.

Idan za ki zauna, kada ki zauna a matsayin mai biyan kuɗi kawai. Kowane reshen mazaɓa yana da kujerar jami'ar mata, wato mai kula da harkokin mata, ana zaɓe a taron shekara, kuma sau da yawa babu mai neman ta. Aƙalla rabin wakilan da reshe ke turawa babban taro dole su zama mata. Reshe na iya tura wa babban taron ƙuduri ɗaya, gajere, kan batu guda. Ki samo mai mara miki baya tun kafin ranar, ki miƙa wa sakatare a rubuce cikin wa'adi, ki kuma zo da mutanenki, domin ƙuduri da yawa ba kaye suke sha ba, taron ne ba ya cika adadin da za a zauna.

Anti Lauya:
Kan fita kuma, ki bambance abu biyu. Idan kika rubuta takardar murabus kika soke umarnin cirar kuɗi a banki, kin fita da mutuncinki, ƙofar dawowa tana nan, sai dai lissafin zamanki zai fara daga farko, kuma galibi sai mai wata shida a jere ke zaɓen ɗan takara. Amma idan da katin a hannunki kika sa hannu a takardar tsayar da ɗan wata jam'iyya ko mai zaman kansa da ke karawa da Labour, ko kika fito yi masa kamfe, wannan kora ce, kuma a al'ada sai bayan shekara biyar ake sauraron neman dawowa. Ƙuri'arki a akwati kuwa sirrinki ce. Idan akwai ƙorafin da kika shigar, ki jira sakamakonsa kafin ki aika murabus.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Taron shekara na reshenmu yana nan tafe, zan tambayi sakatare ranar rufe karɓar sunaye na kujerar jami'ar mata. Anti, rubutun da aka yi da Hausa a hoton allo, ni zan fassara ko su?

Anti Lauya:
Ki haɗa hoton asalin da fassararki kalma da kalma, ki rubuta a ƙasa cewa ke kika fassara. Kada ki gyara komai ko ki ƙara gishiri, domin za su iya ba wani ya duba.